Tsakar Gida ta Kowa Ce, Gyaranta na Wa?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya a Damagaram ya san cewa kuɗin hayar kansa bai cika haɗa mutane faɗa ba. Shi sananne ne: an yi ciniki, an yanke, in wata ya ƙare a biya. Abin da ke ɓata zama shi ne abin da ba a yanke ba tun farko: takardar kuɗin wuta, takardar kuɗin ruwa, masai in ya cika, kwatami in ya tumbatsa, indararo in ya karye, ƙyauren ƙofar gida in ya ɓalle, har da ƙwan fitilar zaure in ya mutu. Kowa yana amfani da waɗannan abubuwa, amma ranar da suka lalace sai a rasa mai su.

A ƙasashen da mutane ke zama a dogayen benaye, wannan batu ya zama babban fanni na doka, da kotunansa da ma'aikatansa. A wurinmu har yanzu ana ɗaukarsa ƙaramar maganar cikin gida. Ni kuwa ina ganin ya isa a zauna a kansa, domin a nan ne lafiyar yara, zumuncin maƙwabta da tsawon ran gine-ginen garin suke haɗuwa. Abin da nake so in nuna shi ne, kayan tarayya ba sa rayuwa sai an cika sharuɗɗa huɗu: a ambaci abin, a san rabon kowa a cikin ɗawainiyarsa, a tara kuɗin kafin ɓarna ta zo, sannan wanda ya riƙe kuɗin ya ba da lissafi.

Yadda garin ya kai ga haka

Tsohon tsarin Birni, unguwar da fada take, yana da maganin wannan matsala. Gida na zuriya ɗaya ne, kuma akwai mai gida guda wanda maganarsa ke yanke zance. In damina ta gabato shi zai kira magini, ya sa a kawo ƙasa a kwaɓa, samarin gida su hau soro su yi yaɓe. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, marar kuɗi ya ba da ƙarfinsa. A haka aka riƙe gidajen ƙasar da ke kewaye da fada tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya zagaye Birni da ganuwa kafin rasuwarsa a 1884.

Baƙi kuwa a unguwar Zango suke sauka. Fataken Kano, na Borno, na Agadas da Larabawan arewa suna sauka gidan mai masauki. Shi zai ba su ɗaki da wurin ajiye kaya, ya haɗa su da masu saye, ya ɗauki la'adarsa a cikin ciniki. Baƙo ba ruwansa da gyaran katanga. Ɗawainiyar gida duka tana wuyan mai masauki, kuma da shi ake kwana ake tashi a gidan, yana ganin duk abin da ya lalace.

Haya irin ta yau da albashi ta zo. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi mazaunin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka koma Yamai. Sojoji, malaman ofis da ma'aikatan da ake canza wa gari suna bukatar ɗaki na wata da wata. Daga baya garin ya yi ta faɗaɗa: Sabon Gari, Garin Malam, Tudun Jamus, Karkada da sababbin unguwannin bayan gari. An buɗe jami'a a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 320,000 a birnin. Ɗalibai, ma'aikata, sababbin ma'aurata da mutanen karkara da suka shigo neman abinci, duk wurin kwana suke nema.

Amsar da masu filaye suka bayar ita ce jerin ɗakuna a fili ɗaya: ɗaki guda-guda ko ciki da falo, ƙofar gida ɗaya, famfo ɗaya, mita ɗaya, masai ɗaya ko biyu a kusurwa. Sau da yawa mai gidan ba ya ciki. Yana wata unguwa, ko yana Yamai, ko Kano, ya wakilta ƙaninsa ko wani dillali ya riƙa karɓar masa kuɗi. To, a nan gizo ke saƙar. Kayan tarayya suna nan kamar yadda suke a gidan da, amma mutumin da ke yanke magana a kansu ya fita daga gidan, kuma ba a sa komai a madadinsa ba.

Ranar da faktir ta zo

A ɗauka gida ne mai ɗaki shida da mita ɗaya ta kamfanin wuta na NIGELEC, faktir, wato takardar kuɗin wuta, ta zo jikka 18. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba daidai, kowane ɗaki jikka 3. Sai dai a ɗaki na farko ɗalibai biyu ne da ƙwan fitila ɗaya da cajin waya. A na ƙarshe kuwa akwai uwar 'ya'ya mai firiza, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, da shi take ciyar da gidanta. Ɗaliban za su ce an ɗora musu kayan wani, kuma gaskiyarsu ne.

Shi ya sa gidaje da yawa suka koma ƙirga kaya. Bayan sallar isha a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, wanda ya fi iya lissafi ya ɗauko littafi: ƙwan fitila kaso ɗaya, fanka biyu, talabijin biyu, firiza biyar. A tara kason gida duka, a raba kuɗin a kai. Wannan dabara ce mai kyau, kuma mutane ne suka ƙirƙiro ta da kansu ba tare da wata hukuma ba. Amma tana ƙirga abin da ake gani ne kawai. Dutsen guga yana ƙarƙashin gado. Abin dafa ruwa ana fito da shi da asuba lokacin hunturu. Wani yana barin fanka a kunne ya tafi kasuwa, wani ya yi tafiyar mako uku ya dawo ya tarar da kasonsa cif. Daga nan sai zargi, daga zargi sai leƙe, har a kai ga matan gida ba sa gaisawa.

Akwai wani abu da masu haya da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi ya fi cin aljihunsu. Kuɗin wuta da na ruwa a Nijar hawa-hawa ake lissafa su. Matakin farko mai rahusa ne, an yi shi don talaka. A ruwa, shi ne lita 10,000 na farko a wata. Abin da ya haura wannan sai farashinsa ya tashi, in ya ƙara haurawa ya sake tashi. An tsara haka ne da tunanin mita ɗaya iyali ɗaya. To idan iyali shida suka taru a kan mita guda, rahusar iyali ɗaya suke rabawa, sauran ruwan kuma su saye shi a farashin da aka yanka wa mai babban gida da lambu. Talakan da aka yi rahusar dominsa shi ne ba ya samunta, saboda kawai ba shi da mitar kansa.

A Damagaram kuwa maganar ruwa ba wasa ba ce. Garin a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke hedkwata daga nan. Daga wajen gari ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Kamfanin SEEN ya riƙe rarraba shi tun 2001, har Nigérienne des Eaux ta karɓe shi a farkon 2024. Da bazara, a unguwanni da yawa, famfo sai tsakar dare yake kawowa. Wadda ta tashi ta jera bido ta cika wa kanta, wadda barci ya ɗauke ta wayi gari sai neman 'yan ga-ruwa. Ƙarshen wata kuma a ce su biya daidai. In kuma akwai mai sayar wa maƙwabta ruwa daga famfon gida yana sa kuɗin a aljihunsa, rigima ta samu gindin zama.

Mafi ciwo shi ne, laifin mutum ɗaya kowa yake shafa. In ɗaki ɗaya ya ƙi biya, kamfani bai san ɗaki ba, mita ya sani, gida duka zai yanke wa. In wani ya kwashe kayansa ya tashi da bashi, wanda ya shigo bayansa shi zai tarar da shi. Mita mai kati ta rage matsalar tarin bashi, amma ba ta raba gardamar wa ya sha nawa ba. Ƙaramar mita a ƙofar kowane ɗaki ita ke raba ta, kuma kuɗinta bai kai asarar zumuncin shekara guda ba. Sai dai mai gida yakan ce ba shi ke shan wutar ba, mai haya kuma ya ce ba zai sa dukiyarsa a bangon wani ba.

Masai, kwatami da rufi

Wuta da ruwa aƙalla suna zuwa da takarda mai lamba. Masai ba ya aiko da takarda. Yana cika a hankali, shekara da shekaru, kowa yana gani yana kau da kai, har ranar da ba a iya shiga. A unguwannin da ke kan dutse ba a iya zurfafa rami, don haka ya fi saurin cika. Ranar nan sai a fara tambaya: mai gida ne zai kira masu kwasa, ko masu haya? Wanda ya shigo wata biyu da suka wuce zai biya daidai da wanda ya shekara biyar? Mai mutum takwas a ɗaki da mai zaman kansa fa? Kafin a gama wannan muhawara yara sun koma bayan katanga.

Haka kwatami. In ya cika ba a yashe ba, sai a fasa masa hanya ya bi lungu. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya kwanta a ƙofar maƙwabci, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya bi yaran unguwa, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Sharar tsakar gida da wanke masai kuwa kusan kullum a kan mata suke faɗawa, kuma a cikinsu ma a kan wadda ta fi ƙyamar ƙazanta. Aiki ne da ba a ƙirga shi a kowane lissafi, alhali shi ke riƙe da lafiyar gidan.

Abin mamaki, ba a rasa hukunci ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ya raba gyara gida biyu: manyan gyare-gyare na mai gida ne, ƙanana na yau da kullum na mai haya. Ya ma ambaci yasar rijiya da kwasar masai, ya ɗora su a kan mai gida sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Akwai kuma dokar haya ta 1996. A ɓangaren fiƙihu, Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya halatta a shardanta wa mai haya kwasar masai, ya kuma halatta a yi sharaɗin gyara da yaɓe daga cikin kuɗin haya. Hanyoyin biyu wuri ɗaya suka nufa: asalin nauyin yana kan mai gida, ana iya sauya shi, amma sai da sharaɗi bayyananne tun ranar shiga. Mu kuwa ranar shiga ba a faɗin komai sai kuɗin wata da kuɗin ajiya da kamashon dillali.

Rufi shi ne ya fi haɗari. Ginin ƙasa yana daɗewa ƙwarai in ana kula da shi, kuma kulawar ba ta da wuya: kafin ruwan farko a hau soro, a cire ciyawa, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe, a tabbata indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin bango. In aka tsallake shekara ɗaya, ruwa zai sami ƙaramar kafa kusa da bakin indararo ya riƙa tsatsafowa. Azara ta jiƙe, gara ta shiga. Daga ciki ba a ganin komai sai wani ɗan tabo a kusurwa, mai ɗaki ya ja gadonsa gefe ya ajiye roba. A shekara ta uku, cikin ruwan Agusta, soron ya sauko. Gyaran da bai fi aikin yini ɗaya ba ya koma ginin ɗaki sabo, in Allah ya tsare rai ke nan. Damina ta 2024 ta nuna mana iyakar ginin ƙasa a gaban ruwa mai yawa: ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe, gidaje masu yawa kuma suka faɗi a faɗin ƙasar. In ginin da gari duka ke ji da shi bai tsira ba, ina ga ɗakin da mai shi ke Yamai, mai kwana a cikinsa kuma yana jiran ya tashi?

Gidan gado

Wurin da Damagaram ta fi kusa da abin da ake gani a benayen Turai shi ne gidan gado da ba a raba ba. Mahaifi ya rasu ya bar gida a Birni ko Zango. Magada goma sha, kowa da rabonsa a shari'a, amma ba a son sayar da gidan kakanni, kuma ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki. Biyu ko uku suna ciki. Sauran suna Yamai, Maraɗi, Kano, wasu mata suna gidajen aurensu. Wani sashe an ba da shi haya.

Na cikin gida yana cewa: "Ba nawa ne ni kaɗai ba, don me zan kashe kuɗina in gyara wa kowa?" Na waje yana cewa: "Yaya, kai ke zaune a ciki, kai ke karɓar haya, ai kai ya kamata ka gyara." Kowanne yana da hujja. Kuɗin hayar ba a san inda yake shiga ba, kuma kunya ta hana ƙane ya tambayi wansa lissafi, ta hana mace ta tambayi ɗan'uwanta. Bayan tsara ɗaya magada sun zama arba'in, wasu ma ba su san juna ba. Gidaje masu zanen ado a fuska, waɗanda baƙi ke zuwa kallo, da yawa ta wannan hanya suke narkewa.

Malaman Malikiyya sun yi wannan tunani tun da daɗewa. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ta kawo mas'alar gidan da mutum ɗaya ke da ƙasansa wani kuma ke da samansa. Ta ɗora gyaran ƙasa da itacen rufinsa a kan mai ƙasa, kuma in ya ƙi gyarawa a tilasta masa, ko ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Ga kuma shuf'a, wadda ta ba abokin tarayya fifikon sayen rabon ɗan'uwansa kafin bare. Ƙa'idar a fili take: mallaka ba ta ba mutum ikon barin rabonsa ya rushe a kan wani. Ana karanta wannan babi a makarantun zaure, amma ba kasafai ake jin an kawo shi a zaman rabon gado ba.

Abin da wasu suka koya da tsada

A Ingila mutum yakan sayi gida a cikin bene na tsawon shekara 99 ko 125, wani lokaci har 999, amma ginin kansa da ƙasar da yake kai na wani ne. Mai ginin ko kamfanin da ya wakilta shi ke kula da rufi, matakala, lif da inshora, ya kuma aiko wa mazauna da lissafin kuɗin hidima duk shekara. Da yake mai kashe kuɗin daban, mai biya daban, cuta ta yi yawa, har majalisa ta sa baki. Dokar 1985, tare da gyare-gyaren da suka biyo baya, ta ce kuɗin hidima dole ya kasance daidai wa daida, mazauni yana da ikon ganin rasiɗai, kuma duk aikin da zai ci wa mutum ɗaya fiye da fam 250 sai an tuntuɓi mazauna kafin a fara. Dokar 2002 ta ba su ikon karɓe ragamar kula da ginin da kansu. Duk da haka, bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci rai 72, mutanen wasu benaye masu yawa sun wayi gari da lissafi mai nauyi na cire rufin bango mai kama wuta da ba su suka sa ba, sai da aka sake yin doka a 2022 don kare su.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar 10 ga Yuli 1965 ta ce kowa ya mallaki sashensa, kuma ya mallaki wani kaso rubutacce na kayan tarayya. Da wannan kaso ake raba ɗawainiya, da shi ake auna ƙuri'a. Ana taro duk shekara, a zaɓi mai kula da gini, a amince da kasafi. Dokar 2014 ta ƙara wajabta asusun gyara, wanda ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na kasafin shekara ba. Amma doka kaɗai ba ta riƙe bango: ranar 5 ga Nuwamba 2018 tsofaffin benaye suka rushe a Marsai, mutum 8 suka mutu, bayan an daɗe ana ganin tsaga ana jan ƙafa.

Kusa da mu, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce mai gidan da ke karɓar kuɗin hidima ya ba da rasit na daban, ya kuma ba mai haya lissafi a rubuce aƙalla duk wata shida. Darasin duka ukun ɗaya ne. In mai kashe kuɗi ba ya ba da lissafi, zai ci amana. In masu biya ba su tara komai ba kafin ɓarna, za su tsaya gardama har ginin ya faɗi.

Abin da za mu iya tun yanzu

Ba sai mun jira sabuwar doka daga Yamai ba. Farkon abu shi ne takarda ɗaya ranar shiga gida, da Hausa, a boko ko a ajami, ba da Faransancin da rabin masu sa hannu ba sa karantawa ba. A rubuta kayan tarayyar gidan ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowanne a sa wanda zai ɗauki nauyinsa. Rufi, katanga, ramin masai da bututun ruwa na mai gida. Shara, ƙwan fitila, bakin famfo da yasar kwatami na mazauna. A rubuta yadda za a raba wuta da ruwa: ruwa da yawan kawuna, wuta da ƙaramar mita in ta samu, in ba ta samu ba da ƙirga kaya. A rubuta lambar da mita take kai ranar da mutum ya shigo, don kada ya gaji bashin wani.

Na biyu, asusun gyara. Mutanen da suka iya adashi ba sa bukatar a koya musu wannan. Mai gida ya ware wani abu daga hayar kowane wata don rufi da masai, mazauna su zuba ɗan abin da suka amince a kai don ƙananan abubuwa. A gidan gado, a fitar da kuɗin yaɓe daga haya kafin a raba wa magada ko dala ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an san hannun wa da wa ne kafin hadari ya haɗo.

Na uku, mai riƙo, wanda mazauna suka zaɓa da kansu, na shekara ɗaya, kuma ana iya sauya shi. Sau da yawa wadda ta fi dacewa mace ce, domin ita ke wuni a gida, ita ta fara sanin abin da ya lalace. Wahalarta kuma a san da ita, ko da ta hanyar rage mata kasonta ne. Na huɗu, lissafi a fili: faktir a nuna wa kowa ita kanta, ba a faɗi lamba da baki ba, littafin asusu kuma a karanta shi gaban kowa duk wata uku. Magajin da ke nesa a ɗauki hoton shafin a tura masa ta waya.

Za a ce rubutu tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce. Amsar tana cikin addininmu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma an saukar da ita ga mutanen da suka fi mu amana. Za a ce mutane talakawa ne, ina suka ga abin tarawa. Ai talaka ne ya fi bukatar asusun, don shi ne ba ya iya fitar da kuɗin kwasar masai a rana ɗaya, kuma shi ne ke biyan kuɗin magani in kwatami ya kwanta. Tsoro na uku shi ne ya fi ƙarfi: kada masu gidaje su mai da kuɗin hidima wata ƙofar ƙarin haya. Wannan zai faru tabbas in aka karɓi kuɗin ba tare da lissafi ba, kamar yadda ya faru a Ingila. Don haka sharaɗin ba ya rabuwa: wanda bai nuna rasit ba, ba shi da haƙƙin karɓar ko tamma.

Hukumomi ma suna da rabonsu. Ma'aikatar magajin gari tana iya buga samfurin wannan takarda ta ajiye a wurin masu unguwanni, waɗanda dama su ake kai wa ƙarar irin waɗannan rigingimu, kuma doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa. Mai unguwar da ke da kwafin yarjejeniya a hannu zai raba gardama cikin zama ɗaya. Kamfanonin wuta da ruwa su sauƙaƙa wa gidajen haya samun mita fiye da ɗaya, ko su lissafa matakin rahusa da yawan iyalan da ke kan mita. Fada da malamai kuma su sa ya zama al'ada, duk lokacin da magada suka zaɓi barin gida ba rabo, kada a tashi daga zaman sai an naɗa mai kula da shi, an kuma faɗi inda kuɗin gyara zai fito.

Filin cikin gari yana ƙara tsada, benaye sun fara tashi, kuma ranar tana zuwa da mutum zai sayi hawa na biyu wani ya sayi na ƙasa. Ranar nan abin da za a yi tarayya a kai ya wuce famfo da masai: ginshiƙi ne, da matakala, da tankin ruwa a saman kawunan mutane. Garin da bai saba rubuta rabon jikka 18 ba, ba zai iya raba kuɗin gyaran ginshiƙi ba. Sabon nan a gidan ɗaki shida ake fara shi, kuma duk mai gida da duk mai haya yana iya farawa a ƙarshen watan nan, da littafi ɗaya da shaidu biyu.